Tambaya da Amsa: Yaya aka yi dutsen Fir'auna ya tsaya a tsakiyar birnin Faris?

Tambaya: Assalamu alaikum. A hotunan faretin 14 ga Yuli na Faransa ina ganin wani dogon dutse mai rubutun Masarawa a ƙarshen titin. Shin sato shi aka yi? Kuma mene ne tarihin wurin? Daga wani mai karatu a Damagaram.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Wannan dai ba sata ba ce, kyauta ce. Muhammadu Ali Basha, mai mulkin Masar a lokacin, shi ya ba Faransa shi. Asalinsa biyu ne a ƙofar haikalin Luksor, na zamanin Fir'auna Ramsis na biyu, wato sun haura shekara 3,000. Duka biyun aka bayar, amma wahalar ɗauko ɗaya ta sa aka haƙura da ɗayan, har Shugaba Mitterrand ya sallama wa Masar shi a 1981.

Filin da yake tsaye ana kiransa Dandalin Konkod, kuma shi ne mafi girma a Faris. Ange-Jacques Gabriel ya tsara shi a 1755, da mutum-mutumin Sarki Luwi na 15 kan doki a tsakiya. Da juyin juya hali ya zo, aka tumɓuke gunkin a 1792, aka kafa na'urar fille kai. Nan aka sare kan Luwi na 16 ranar 21 ga Janairun 1793, aka bi da matarsa Marie Antoinette a Oktoba, sannan Robespierre, jigon juyin juya halin, wanda ya aika da wasu da yawa can, a 1794. Fiye da mutum 1,000 aka kashe a wurin. Sunan Konkod, ma'ana jituwa, an raɗa shi a 1795 don a wanke wa filin jini.

To, a nan hikimar dutsen take. Duk wanda aka kafa wa gunki a wannan fili, wani ɓangare zai ce ba nasa ba ne, gobe a rushe. Sarki Louis-Philippe ya zaɓi abin da ba na 'yan sarauta ba, ba na 'yan jamhuriya ba. Fir'auna ba shi da jam'iyya a Faransa.

Tsayin dutsen kusan mita 23, nauyinsa ya haura tan 200, kuma dutse ɗaya ne jal. Sai da aka ƙera masa jirgin ruwa na musamman mai shafaffen gindi, wanda zai iya bin Nilu, teku da kogin Sen. Ya iso Faris a Disambar 1833, injiniya Apollinaire Lebas ya tsayar da shi ranar 25 ga Oktoban 1836 da igiyoyi da ƙarfin mutane. In ka je, duba gindinsa: an zana yadda aka kwantar da shi da yadda aka ɗaga shi. Hular zinaren da ke kansa sabuwa ce, ta 1998. Tukuicin da Faransa ta aika agogo ne, yana harabar masallacin Muhammadu Ali a Alƙahira, kuma ya yi shekaru da dama ba ya aiki.

A filin kuma akwai maɓuɓɓugan ruwa biyu na 1840 da mutum-mutumi takwas masu wakiltar biranen Faransa. Na Strasbourg an riƙa lulluɓe shi da baƙin ƙyalle bayan Jamus ta ƙwace birnin a 1871, har zuwa 1918.

Titin kuwa shi ne Shanzelize, wanda André Le Nôtre ya shata a 1667. Tsawonsa kilomita 1.9, faɗinsa mita 70, yana hawa har Ƙofar Nasara (Arc de Triomphe), wadda Napoleon ya ba da umarnin ginawa a 1806, aka gama a 1836. Ƙarƙashinta akwai kabarin sojan da ba a san sunansa ba, ana rura wutarsa kullum da ƙarfe 6:30 na yamma. A faretin 2010, sojojin Nijar na cikin na ƙasashen Afirka 13 da suka taka wannan titi.

In Allah ya kai ka, sauka a tashar Concorde ta jirgin ƙasan ƙarƙashin ƙasa, layi na 1, 8 ko 12, ka taka zuwa sama. Kuskuren baƙi shi ne tsallaka shataletalen Ƙofar Nasara da ƙafa. Tituna 12 ne ke zubowa cikinsa. Bi ta hanyar ƙarƙashin ƙasa da ke bakin titin. Hawa saman ƙofar matakala 284 ne.