Hukuncin ziyarar gidan tarihin mujahidai a Aljeriya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne daga Damagaram, ina karatu a birnin Aljiyas. Abokaina suna so mu je gidan tarihin mujahidai da ke ƙarƙashin Maƙamush Shahid, wato hasumiyar tunawa da shahidan yaƙin neman 'yancin Aljeriya, amma an ce akwai mutum-mutumi a wurin da wata wuta da ba a kashewa. Ya halatta in je?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ka je, ɗana. Asalin irin wannan ziyara halas ne, Alƙur'ani ma ya yi ta umarni da a yi tafiya a bayan ƙasa a duba ƙarshen waɗanda suka gabata. A Suratu Yunus, aya ta 92, Allah ya ce ya tsirar da jikin Fir'auna domin ya zama aya ga na baya. To, ina ga kayan Musulmin da Faransa ta mamaye tun 1830, suka ɗauki makami ranar 1 ga Nuwamba 1954, ba su sami kansu ba sai 5 ga Yuli 1962? Tsayuwa gaban tsohuwar bindiga ko hoton matashin da bai kai shekarunka ba ta fi dogon wa'azi ratsa zuciya.

Inda magana take shi ne mutum-mutumin sojoji uku da ke gindin hasumiyar, wadda aka buɗe a 1982. Malamanmu na Malikiyya sun haramta sassaƙa cikakkiyar surar mai rai mai inuwa, wasunsu har kallonta da gangan sun hana. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: Bukhari ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa gumakan mutanen Annabi Nuhu, su Wadda da Suwa'a, asalinsu mutanen kirki ne da aka yi wa siffofi don tunawa. Sai dai zunubin sassaƙa yana kan mai sassaƙa, kai kuwa wucewa za ka yi. Kada ka tsaya ɗaukar hoto a jikinsu.

Wutar kuma kada ka rusuna mata, ko da ka ga manya sun yi. Ka yi wa mamatan addu'a, ita ce ke isa gare su.

Sunan "shahidai" ba laifi a jimlace, amma yanke wa wani mutum guda shahada sai da nassi. Ka ce muna yi masa fata. In lokacin salla ya riske ku a can, ku fito ku yi ta.

Allah ne mafi sani.