Abokan Aikina Suna Ƙasashe Uku, Yaya Zan Haɗa Kansu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Daga Jekadafari nake, a Gombe. An ɗora ni a kan mutum shida masu rubuta manhaja: uku a Indiya, biyu a Jamus, ɗaya a New York. Kullum muna taro a Zoom, amma aiki ya ƙi gaba. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Fara duba agogo. Ƙarfe 9 na safe a Gombe, 1:30 ce ta rana a Indiya, mutumin New York kuwa yana sharar barci. Kafin ya buɗe kwamfuta, wajen 2 ko 3 na rana a nan, 'yan Indiya sun tashi daga aiki. Ka ga duk taron da ya haɗa su shida, akwai wanda aka ƙwara. Kai ne Allah ya ajiye a tsakiya: da safe ka gana da na gabas, bayan La'asar da na yamma. Jamus ba matsala, lokacinmu ɗaya, sai daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba su wuce mu da awa guda.

Sauran duk a mayar da shi rubutu, kuma a nan na fi so ka dage. Wanda zai tashi ya bar layi huɗu a Jira ko GitHub, shafukan da masu manhaja ke bin sawun aikinsu: ga abin da na gama, ga inda na maƙale, ga abin da na gwada bai yi ba, ga wanda nake jira. "Ba ya aiki" kawai ba saƙo ba ne; mai karantawa zai tambaya "me?", kafin amsa ta iso yini ya tafi. Ko Linux, babbar manhajar sarrafa kwamfuta da Linus Torvalds ya fara a 1991, da imel dubban mutane suka gina ta.

Sai rabon aiki. Tun 1968 masanin kwamfuta Melvin Conway ya lura cewa manhaja kan ɗauko fasalin yadda masu gina ta ke magana da juna. Don haka kada ka tsaga ɓangare ɗaya tsakanin Indiya da Amurka. Ba kowane gari nasa, ya ci gashin kansa.

Na sha ganin 'yan'uwanmu suna jin nauyin faɗin uzurinsu, abin yana damuna. Rubuta a kalandar ƙungiya cewa Juma'a da rana kana masallaci, ka tambayi nasu ranakun, irin su bikin Diwali na Indiya. Wuta kuma, tanadi sola da layin data na biyu kafin ta ɗauke maka ana tsakiyar taro.