Tambaya da Amsa: Ga RAM zube, me ya hana kdump samun wuri?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ke kula da wata saba mai Linux a cibiyar koyon kwamfuta da ke Unguwar Rimi. RAM ɗinta gigabait 32 ne, amma kusan duk mako sai ta sanƙare ta sake tashi, ba ta barin wata alama. Na girka kdump, manhajar da ke adana abin da ke cikin RAM idan Linux ta faɗi don a gano dalili, na rubuta crashkernel=256M@16M kamar yadda na gani a wani tsohon bayani, sai dmesg, mai nuna saƙonnin tsarin, ya nuna an kasa ware wurin, wai ana amfani da shi. Yaya za a ce babu wuri? Daga wani mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. RAM ɗinka ya wadata, adireshin da ka nema a cikin RAM ɗin ne matsalar.

Tun lokacin da na'ura ke tashi, kdump yana ware wani yanki na RAM, a dunƙule, ya ajiye ƙaramin kanel na ko-ta-kwana a ciki (kanel shi ne zuciyar Linux mai sarrafa na'urar). Da babban kanel ya faɗi, sai kexec, hanyar tayar da wani kanel daga cikin wani, ya miƙa ragama ga ƙaramin ba tare da an goge RAM ba, shi kuma ya karanta abin da ya rage ta /proc/vmcore ya rubuta a /var/crash.

To, wannan @16M da ka ƙara yana nufin dole yankin ya fara daga megabait na 16. Shawara ce ta zamanin da ake loda kanel a megabait na 1. Yanzu mazauninsa na asali megabait na 16 ne, wani lokaci ma ana sauya masa wuri da gangan saboda tsaro. Kamar ka je Kasuwar Barci ka dage sai shago mai lamba kaza, alhali mai shi na zaune ciki, ga wasu shaguna a buɗe. Ka goge @16M ɗin, ka bar kanel ya zaɓa da kansa.

Akwai kuma iyaka ta sama, wadda ta fi wahalar da mutane. A na'ura mai bit 32, dole yankin ya zauna ƙasa da megabait 512. Masu bit 64 ma sun daɗe a ɗaure ƙasa da megabait 896, sai a kanel 3.9 na shekarar 2013 aka kawo ,high da ,low, kalmomin da ake ƙarawa a crashkernel don neman wuri a sama ko a ƙasa, aka buɗe hanyar hawa sama da gigabait 4. Amma wasu na'urorin faifai da na netwok adireshin bit 32 kawai suka iya, hannunsu ba ya kaiwa sama da gigabait 4. Shi ya sa idan ka rubuta crashkernel=512M,high, kanel na zamani zai ware ƙarin megabait 256 a ƙasa dominsu. Don Allah kada ka mayar da wannan sifili don tsimin RAM. Ƙaramin kanel zai iya tashi amma ya kasa taɓa faifai, wahalarka ta tashi a banza.

Ka fara da crashkernel=512M kawai, ka sabunta GRUB, manhajar da ke loda kanel, ka sake kunnawa. Duba /proc/iomem ka ga inda aka ware, sannan /sys/kernel/kexec_crash_loaded ya nuna 1. Bayan ɗalibai sun tashi, ka gwada da echo c > /proc/sysrq-trigger, wanda zai kayar da kanel da gangan.

Abu ɗaya da nake so ka fara dubawa ma kafin duk wannan: batirin inbata. Idan ɗaukewar wuta ce ke kashe sabar, RAM ya goge nan take, kdump ba zai samu abin rubutawa ba. Idan ta sake faɗuwa bayan gyaran kuma /var/crash babu komai, ka nemi mai gyaran wuta.