Ki je, amma ki lura da yadda ake buɗe Littafin

Ƙanwata, gaisuwa cikin sunan Yesu Almasihu. Kin ce aiki ya kawo ki Kaduna, kina zuwa sujada a babbar majami'a kowace Lahadi, amma da an yi addu'ar rufewa kowa sai ya kama gabansa, har yau ba wanda ya san sunanki. Yanzu wata abokiyar aiki ta gayyace ki wani ƙaramin rukuni da ke taruwa a gida don binciken Littafi Mai Tsarki, ke kuma kunya ta hana ki saboda ba ki san Littafin sosai ba, ga tsoron faɗawa hannun da ba na ƙwarai ba. Na daɗe a irin wannan zama, tun ina 'yar sakandare a FCS, ƙungiyar zumuntar ɗalibai Kirista, har yanzu da 'ya'yana suka girma, bari in gaya miki abin da idona ya gani.

Ki je. Kaɗaicin nan da kike ji ba ke kaɗai ba ce, kuma ba lallai laifin majami'ar ba ne. Inda ɗaruruwan mutane ke cika benci, fasto komai ƙoƙarinsa ba zai san wanda ya kwana da zazzaɓi ba. Ikilisiya tun asali a gidaje ta tashi. A Romawa 16:5 Bulus yana gai da ikilisiyar da ke taruwa a gidan Akila da matarsa, haka kuma a farkon wasiƙarsa zuwa ga Filimon. A nan Arewa ma ba baƙon abu ba ne. FCS tun 1957 take tara ɗalibai a ajujuwa bayan an tashi makaranta, kuma dattawan da suka ga farkon gangamin bisharar nan na Sabon Rai Don Kowa a shekarun 1960 za su gaya miki cewa 'yan ƙananan rukunonin addu'a na gida-gida su ne suka ɗauki nauyin aikin.

Batun rashin sani kuwa, ki cire shi daga ranki. A rukuninmu akwai wata gwauruwa da muke ce wa Kaka, ba ta iya karatu ba, jikarta ke riƙe mata Littafin. Wata Laraba muna cikin Markus sura 4, inda hadiri ya taso a teku Yesu kuwa yana barci a kan matashi a bayan jirgi, sai aka ɗauke wuta. Mai karatu ya ƙarasa da fitilar waya. Ana gamawa Kaka ta gyara zama a kan tabarma ta ce, "To ni ku gaya mini, da ba su tashe shi ba, jirgin zai nutse ne?" Falon ya yi tsit. Akwai malamin makaranta a cikinmu, akwai wanda ya yi makarantar Littafi Mai Tsarki, amma ba wanda ya taɓa tsayawa a kan wannan. Muka koma aya ta 35, inda shi da kansa ya ce a haye zuwa wancan ƙetare, muka yi ta juya maganar har kunun da aka ajiye ya huce. Mutumin da bai sani ba kuma bai ji kunyar tambaya ba, shi ke raya irin wannan zama. Wanda ya iya ambaton ayoyi a ka, sau da yawa shi ke kashe shi.

Tsoronki na biyu shi ne mai tushe, a nan zan daɗe. Zuwanki na farko, kada daɗin waƙa ko fara'ar masu gida su ɗauke miki hankali. Ki duba ki gani: kowa na da Littafinsa a buɗe, ana karanta sashe guda daga farkonsa zuwa ƙarshe, ko kuwa mutum ɗaya ne ke tsinto aya daga Ishaya, ya tsallaka Wahayi, ya dawo Malachi, sauran suna ta "amin"? In wani ya ce, "Baba, ni ban ga haka a ayar ba," me ke biyo baya? Ana komawa a duba, ko fuskar shugaba ce ke canzawa? Ayyukan Manzanni 17:11 ta yabi mutanen Biriya domin kullum suna bin Nassi su ga ko abin da aka faɗa musu haka yake, mai wa'azin kuwa Bulus ne da kansa. In an auna maganar Bulus, ban ga shugaban rukunin da ya fi ƙarfin tambaya ba.

Na taɓa ganin yadda abin ke lalacewa, a wata unguwa da muka zauna. Rukunin ya fara lafiya. A hankali mai jagorar ya rage karatu ya ƙara ba da labarin mafarkansa. Daga nan sai, "Ubangiji ya nuna mini wani abu a kanki, ki same ni bayan an tashi." Sai batun shuka iri, kowa ya kawo kuɗi a ambulan. Ranar da ya ce kada a gaya wa fasto abin da ake yi, domin wai na majami'a ba su kai wannan matsayi ba, wasunmu muka tattara takalmanmu. Waɗanda suka zauna, akwai wadda aurenta ya kusa mutuwa saboda an ce mata uwar mijinta ce ke ɗaure mata ciki. Saboda haka ki tambayi abokiyar taki kai tsaye: rukunin nan a ƙarƙashin wace ikilisiya yake, wane fasto ko dattijo ya san da shi? Ko ECWA ce, ko COCIN, EYN, HEKAN, Anglikan, Baptist ko Katolika, ba wannan ne damuwata ba, rukunin da ya haɗa 'yan ɗariku daban-daban ma yana da nasa daɗin. Abin da nake so shi ne a ce akwai wani a sama da za a kai wa ƙara. In amsar ta zo da kame-kame, kin samu amsarki.

Sai riƙon asiri. Daɗin ƙaramin rukuni shi ne ki iya cewa, ku yi mini addu'a, albashi ya makale, ko ni da mahaifiyata ba ma magana. Amma mu mata mun san yadda roƙon addu'a ke rikiɗa ya zama tsegumi: "Mu tuna da 'yar'uwa wance, kun dai san abin da mijinta ke yi." Ki saurari yadda suke maganar wanda ba ya wurin, domin haka za su yi taki. Kada ki zazzage cikinki a makon farko. Ba a gwada zurfin ruwa da ƙafa biyu. Ki fara da ƙaramin abu, ki ga ko zai dawo miki ta bakin wani a kasuwa.

Kuɗi ma ki sa ido. Tara wani abu don mara lafiya, ko mai jego, ko gidan rasuwa, wannan zumunta ce, kuma a nan ne za ki ga amfanin rukunin. Lokacin da aka kwantar da maigidana a asibiti, 'yan rukuninmu ne suka raba kwanaki a tsakaninsu, wannan ta kawo tuwo, wancan ya kai yara makaranta. Amma a rubuta abin da aka tara a karanta wa kowa. Adashe kuwa, ni dai ra'ayina a yi shi a wani wuri dabam. Na ga bashi ya raba mutanen da suka shekara suna durƙusawa tare.

Yawan mutane, in ya wuce goma sha biyar ya zama ƙaramar sujada, masu kunya irinki sai su koma bayan kujera su yi shiru. John Wesley, wanda ya kafa ɗarikar Methodist, da ya tsara irin waɗannan ƙananan rukunoni a Ingila a 1742, kimanin mutum goma sha biyu ya sa a kowanne, kuma na ga hikimar hakan. Lokaci ma a kiyaye shi. Awa ɗaya da rabi ya isa, a tashi da sauran haske ki samu keke ki koma gida, kin san yadda gari yake. Rukunin kirki yana kula da maƙwabta, Kirista ne ko Musulmi, ba a kafa lasifika a tsakar gidan haya.

Ki tafi da naki Littafin da ɗan littafin rubutu. In na Hausa kike karantawa, kada ki rikice in kin ji na kusa da ke ya ɗan bambanta. Kaka har yanzu ayoyin juyin 1932 ne a bakinta, yawancinmu kuma na 1979 muke riƙe da shi, matasa suna karanta sababbin juyi a waya. Ki tambayi sashen da za a bincika ki karanta shi sau biyu kafin ranar. In an ce ki yi addu'a ba ki shirya ba, ki ce a ɗaga miki zuwa wani mako, ba wanda zai ga laifinki. A gida kuma ki fara da Markus, sura 16 ce kawai kuma labarin yana tafiya da sauri, daga nan ki shiga Filibiyawa. Wahayi da Daniyel su jira tukuna.

Kada ki yanke hukunci da zuwa ɗaya, wata rana zaman yakan yi sanyi, mai jagora ya gaji, yara su yi ta kuka. Ki ba su kamar wata biyu. Kuma kada rukunin ya maye miki gurbin sujadar Lahadi da Jibin Ubangiji. In wannan bai kwanta miki ba, ki janye cikin ladabi, ranar Lahadi bayan an tashi ki tsaya ki tambayi ɗaya daga cikin dattawa ko shugabar Zumuntar Mata wane gida ake taruwa a unguwarku. Yawancin manyan majami'u suna da irin wannan tsari, sanarwar ce kawai ke wucewa lokacin da mutane ke neman jakunkunansu. Allah ya bishe ki, ki kuma sanar da mu yadda zuwan farko ya kasance.