Me ya sa baturan sola ke zuwa daga Sin?

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa baturan sola da ake sayarwa a Kasuwar Dole ta Damagaram galibinsu ƙirar Sin ne, alhali Afirka na da ma'adinan da ake yin su da su. Amsar ita ce, riba da iko suna wurin tacewa, ba wurin haƙowa ba. Kobalt da litiyam ma'adinai ne da ake amfani da su wajen ƙera batura. Kusan kashi 70 cikin ɗari na kobalt ɗin duniya daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ake tono shi, amma mafi yawansa a Sin ake tace shi, haka ma litiyam, wanda ƙasashe irin su Ostireliya da Zimbabuwe ke aika mata.

Mu mutanen Damagaram mun ga misalin wannan da idonmu, domin ɗanyen man da ake haƙowa a Agadem, a gabashin Nijar, bai zama fetur a motocinmu ba sai da aka buɗe matatar mai ta SORAZ kusa da Damagaram a 2011. Sai dai tace ma'adinan batir yana bukatar wutar lantarki da ba ta yankewa da kuma ruwa mai yawan gaske, kuma duk wanda ya yi bazara a garin nan ya san cewa waɗannan biyun ne suka fi yi mana ƙaranci.