Taswirar ƙwaƙwalwar ɓera, meye amfaninta?

Ɗan'uwa daga Daura ka tambaya wai meye amfanin taswirar ƙwaƙwalwar ɓera da ake sawa a kwamfuta. To ka ɗauka baƙo ne ya shigo Katsina, wani ya ce masa "kusa da Gobarau", wani ya ce "bayan Ƙofar Soro", kowa da kwatancensa. Haka masu bincike suke a da, kowane lab, wato ɗakin gwaje-gwaje, da yadda yake kiran sassan ƙwaƙwalwa, in an zo haɗa sakamako sai rigima.

Cibiyar Allen da ke Siyatil a Amurka ta fitar da tata a 2006, tana nuna inda kwayoyin gado wajen 20,000 ke aiki. A 2020 kuma suka wallafa bayanin wata taswirar tasu mai suna CCFv3, hotunan ƙwaƙwalen ɓeraye 1,675 aka haɗa aka fitar da matsakaici guda, to duk wanda ya yanka ƙwaƙwalwa ya ɗau hoto sai ya ɗora nasa a kai, kowane ɗigo da adireshinsa.

Amma fa ta manyan ɓeraye ce, in jarirai kake aiki da su ba za ta zauna daidai ba. Kyauta take a intanet, sai dai wallahi tana shan data.