Maigidana mai ciwon suga ya daina kula kowa

Tambaya: Likita, maigidana ɗan shekara 52 ne, ya daɗe yana fama da ciwon suga. Wata uku ke nan ya daina fita kasuwa, ba ya barci, abinci sai na matsa masa, magani ma ya ce ya gaji da sha. Danginsa sun ce sammu aka yi masa. Hankalina a tashe yake.

Amsa: Malama, Allah ya ba shi lafiya. Abin da kika lissafa ya yi kama da ciwon damuwa. Masu suga sun fi sauran jama'a kamuwa da shi kusan ninki biyu, kuma idan ƙunci da fitar komai daga rai suka wuce mako 2, magana ta wuce ɓacin rai. Damuwa tana ƙara sinadarin kotisol, shi kuma ya ɗaga suga, ga mutum ya bar magani.

Zancen sammun nan shi ne ya ishe ni. Kullum sai an kawo mana wanda aka ɓata wa watanni a kan haka. Da farko a ce rashin tawakkali ne, a yi ta yi masa faɗa, ya ƙara jin ba shi da amfani. Daga nan a kai shi wurin mai magani, ko a tare masu yawo da lasifika a mota, waɗanda kwalba ɗaya tasu ke maganin suga da basir da aljanu. Abu na farko da za su ce shi ne a ajiye ƙwayar asibiti, a haɗa jiƙo da zuma. Zuma ga mai suga! Sai ƙoda ta taɓu ko gyambo ya ci ƙafa sannan a dawo mana, mai maganin kuwa ya tashi kasuwa. Ban hana addu'a ba, a yi ta dare da rana. Amma duk wanda ya ce a daina magani, ku fita harkarsa, ko da yayan maigidan ne.

Ki kai shi wurin likitansa a makon nan. A yi gwajin HbA1c, wato gwajin jini mai nuna yadda suga ya kasance a watannin baya, a duba aikin ƙululun maƙoshi (thyroid) da bitamin B12, domin daɗewa ana shan ƙwayar suga ta metfomin yana rage bitamin ɗin. Ki bar shi da likitan su kaɗai na ɗan lokaci: suga yana kawo raunin mazakuta, maza da yawa shi ke cin su a rai, ba za su faɗa a gaban iyali ba. Idan yana shan ƙwayar suga ta gilibenkilamaid ko allurar insulin alhali ba ya cin abinci, sugansa zai iya faɗuwa ƙasa, da gumi da rawar jiki.

Maganin damuwa irin su satralin yakan ɗauki mako 2 zuwa 6 kafin a ga canji, kada a yanke ƙauna da wuri. In ana buƙatar likitan ƙwaƙwalwa, akwai asibitin Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Dawanau a Kano.

Idan kika ji ya fara cewa gara mutuwa, kada ki jira. Ki karɓe magungunan ki riƙa ba shi da hannunki, kada a bar shi shi kaɗai, a tafi asibiti a ranar.